Gidan da Korarru Suka Gina: Yadda Na Bi Sawun Fada Tansi a Ingila

Duk ɗan Katolika da ya tashi a Najeriya ya san sunan Fada Tansi. Muna ambatonsa cikin addu'a, hotonsa yana manne a bangon majami'u da yawa, ranar 20 ga Janairu kuma ranarsa ce. An san ɗan Aguleri ne a jihar Anambra ta yanzu, an haife shi a 1903, an naɗa shi fada, wato limamin coci, a Anacha a 1937, shi ya yi wa Kadinal Francis Arinze baftisma yana yaro, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya zo da kansa a watan Maris na 1998 ya ayyana shi Mai Albarka, wato matakin da ke kafin zama waliyyi, a Oba, kusa da Anacha. Inda labarin ke yin siriri shi ne ƙarshen rayuwarsa, daga 1950 zuwa 1964. Sai a ce ya tafi Ingila ya shiga gidan zuhudu, a wuce. Ba a faɗin wane gida ne, balle su wa suka gina shi.

Ni aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni birnin Leicester. Da katikis ɗinmu na gida, wato mai koyar da addini a cocinmu, ya ji sunan garin, sai ya sa aka kira masa ni a waya.

"Ɗana, ashe garin da Fada Tansi ya rasu kake zaune?"

"Nan ne, Baba. Ina ma wucewa ta gaban asibitin."

"To ga aiki na ba ka. Ka je gidan nan da ya zauna, ka gani da idonka, ka rubuto mana da Hausa. Abin da muke da shi duk da Turanci ne, iyayenka mata da tsofaffi ba sa ji."

"In Allah ya yarda, Baba."

Sunan gidan Mount Saint Bernard. Yana cikin dajin Charnwood, arewa maso yammacin Leicester, kusa da Coalville, garin da haƙar kwal ta kafa. Ruhubanawan da ke ciki 'yan ɗarikar Cistercian ne, reshen da ake kira Trappist. Maza ne da suka haƙura da aure da tara dukiya, suka ɗauki alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa, suna addu'a, suna aikin hannu, ba sa magana sai da dalili.

Abu na farko shi ne neman masauki. Da rana majami'ar a buɗe take ga kowa, amma mai son kwana sai ya rubuta wa ɗan'uwan da ke kula da baƙi tun da wuri, domin ɗakunan ba su da yawa. Na aika imel na faɗi ko ni wane ne da abin da ke tafe da ni. Amsa ta zo gajeriya: ga ranakun da akwai ɗaki, ga lokacin da ya kamata in iso. Na nemi hutu a wurin aiki, na haɗa kayan sanyi da littafin rubutu. Watan Nuwamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. Bas ta sauke ni Coalville, daga nan tasi ta hau da ni tudu, tsakanin gonaki masu katangar dutse, har ginin ya bayyana, dogo, ruwan toka, da hasumiya mai kusurwa huɗu a tsakiya.

Wanda ya tarbe ni dattijo ne cikin farar riga da baƙin ƙyalle da ya sauko gaba da baya, an ɗaure da ɗamarar fata. Da ya ji daga Najeriya nake, bai tambayi dalilin zuwana ba, ya riga ya sani. Ya nuna mini ɗaki: gado, tebur, kujera, gicciye a bango. Ya miƙo mini takardar lokutan addu'a, ya ce ba a tilasta wa baƙo, amma in ina son in gane gidan, in zo ta dare.

Ƙararrawar farko tana bugawa ƙarfe uku da 'yan mintuna. Na sa agogon waya, na tashi, na zumbula riguna a kan riguna, na fito cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Majami'ar doguwa ce ƙwarai, bagadi yana tsakiya ƙarƙashin hasumiya, ruhubanawa a ɓangare ɗaya, jama'a a ɗaya ɓangaren. Fitilu kaɗan aka kunna. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya cikin manyan fararen riguna masu faɗin hannu, wasu da sanda, kowa ya nufi gurbinsa ba tare da ya dubi kowa ba. Layi biyu suke yi suna fuskantar juna. Wannan layi ya rera aya ɗaya ta Zabura, wancan ya amsa da ta gaba, a hankali, ba kiɗa, ba ɗaga murya. Duk ƙarshen Zabura sai su fito daga gurbinsu kaɗan, su sunkuya har hannu ya kusa gwiwa, su ɗaukaka Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, su miƙe su ci gaba. Ni da na saba da ibadarmu ta ganga da tafi da guɗa, da farko shirun da ke tsakanin ayoyin ya yi mini nauyi. Can sai na ga ni ma numfashina ya bi nasu. Sau bakwai suke taruwa haka a yini, ban da Mas, ta ƙarshe da almuru, wadda suke rufewa da waƙar gaisuwa ga Maryamu. Tsakanin addu'a da addu'a kowa yana bakin aikinsa.

Da gari ya waye na fara aikin da aka aiko ni. Akwai kanti a harabar gidan da ake sayar da littattafai da kayan tukwane, akwai kuma 'yan littattafan tarihin gidan a masaukin baƙi. Na buɗe littafina na rubuta 1835 a saman shafi, shekarar da aka kafa gidan, na tambayi kaina daga ina waɗanda suka kafa shi suka fito. Amsa ta ce daga wani gida a Faransa mai suna Melleray da wani a Ailan mai suna Mount Melleray. Na ja kibiya. To me ya kai Ingilishi zuhudu a Faransa? Wata kibiya, zuwa Lulworth a kudancin Ingila. Me ya kawo Faransawa Lulworth? Kibiya zuwa Suwizalan. Kafin azahar shafin ya cika, kuma kusan kowace kibiya kora ce. Dattijon nan ya leƙo ya ga zanen, ya sa yatsa ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce in fara daga ƙasa in hau sama, zai fi sauƙin faɗa. Haka na yi, haka kuma zan kawo shi a nan.

Tushen ɗarikar gidan Cîteaux ne a Faransa, wanda aka kafa a 1098 don a koma bin Ƙa'idar Waliyyi Benedict, wato tsohon littafin dokokin zaman zuhudu, yadda take. La Trappe, a yankin Normandy, ɗaya ne daga cikin gidajenta, kuma a 1664 shugabansa de Rancé ya tsaurara zaman gidan: shiru, azumi, ba cin nama, aikin gona. Daga sunan wurin aka samo sunan Trappist. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, gwamnati ta ƙwace dukiyar coci, a watan Fabrairu na 1790 kuma majalisa ta soke alkawuran zuhudu. Aka ce wa ruhubanawa su watse, za a riƙa ba su fansho. Malamin sababbin shiga na La Trappe, Augustin de Lestrange, bai yarda ba. A 1791 ya kwashi mutum ashirin da 'yan kai suka ƙetare iyaka zuwa Suwizalan, inda hukumar Fribourg ta ba su wani tsohon gida cikin duwatsu mai suna La Valsainte, wanda wata ɗarikar ta bari.

Lestrange mutum ne mai tsauri, har ya ƙara wa mutanensa azumi da wahala fiye da na de Rancé, kuma a ganina ya wuce gona da iri a wasu abubuwan. Amma ba don taurin kansa ba da ɗarikar ta mutu a lokacin. Masu gudu daga Faransa suka yi ta zuwa har gidan ya kasa ɗaukarsu, sai ya fara aika su rukuni-rukuni, wasu Sifen, wasu Italiya, wasu Beljiyam. Rukunin da aka nufa da Kanada ya biyo ta Ingila a 1794, kuma a nan tafiyar ta tsaya. Wani attajiri ɗan Katolika, Thomas Weld, mai fadar Lulworth a gundumar Dorset, ya ba su wuri a ƙasarsa kusa da teku.

Waɗanda suka rage a Valsainte su ma ba su tsira ba. A 1798 sojojin Faransa suka shiga Suwizalan, Lestrange ya sake ɗaukar jama'arsa, fiye da mutum ɗari biyu, maza da mata 'yan zuhudu har da yaran makaranta, suka ratsa ƙasashen Jamus da Ostiriya da ƙafa da keken doki da kwalekwale har Rasha. Sarki Paul na Ɗaya ya karɓe su, a 1800 ya kore su. Wasu daga cikin matan suka ƙarasa Dorset ɗin nan, suka zauna a Stapehill a 1802.

Sai an san Ingila ta wancan zamani za a gane nauyin abin da Weld ya yi. Tun tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen zuhudu na ƙasar kaf, ya raba filayensu ga fadawansa. Shekaru fiye da ɗari biyu ba a ga ruhubani cikin rigarsa a ƙasar ba. Gwamnati ta kau da kai ga na Lulworth ne don Faransawa ne 'yan gudun hijira, kuma tana yaƙi da waɗanda suka kore su. Matsala ta taso da samarin Ingila da na Ailan suka fara shiga. Bayan faɗuwar Napoleon, hukuma ta ce za su iya zama, amma kada su ƙara karɓar ɗan ƙasa. Shugabansu, Antoine Saulnier de Beauregard, ya san gidan da ba ya karɓar sabon shiga jiran ranar rufewa kawai yake yi. A 1817 suka tattara, su wajen sittin, suka koma Faransa, suka farfaɗo da tsohon gidan Melleray da ke yankin Brittany, kusa da Nantes. Faransawan cikinsu sun koma gida. Ingilishi da 'yan Ailan da suka bi su kuwa, su ne yanzu baƙi.

Sun tafi da garmuna da dabarun noman Ingila, gonar Melleray ta yi suna har ana zuwa koyon noma a wurinsu, yawansu ya kai kusan ɗari biyu. Sai aka sake juyin mulki a watan Yuli na 1830, aka tuɓe Sarki Charles na Goma, Louis-Philippe ya hau. Sabuwar gwamnati ta zargi gidan da goyon bayan tsohon gidan sarauta. A 1831 sojoji suka kewaye Melleray, aka watsa yawancin Faransawan, baƙin kuma aka tasa ƙeyarsu. Mutum 64 aka zuba a jirgin ruwan yaƙi mai suna Hébé, aka sauke su a tashar Cobh ta Ailan ranar 1 ga Disamba, 1831, tsakiyar hunturu.

Wani daga cikinsu, Fada Vincent Ryan, ya riga ya yi gaba neman wuri. Suka fara raɓewa a wani gidan haya a Rathmore, a gundumar Kerry. A 1832 Sir Richard Keane, mai filaye a Cappoquin ta gundumar Waterford, wanda shi ba Katolika ba ne, ya ba su eka wajen 600 a gefen duwatsun Knockmealdown. Fili ne na dutse da ƙaya wanda ba mai noma shi. A nan na daɗe a kan littafin ban juya shafi ba. Talakawan yankin, waɗanda su kansu haya suke noma kuma dankali ne abincinsu safe da dare, suka riƙa fitowa ikkilisiya bayan ikkilisiya, ɗaruruwa, fadan cocinsu a gaba, da shebur da diga a kafaɗa, su yini suna tsince duwatsu suna gina katanga, su koma gida ba a biya su ko sisi ba. Aikin gayya ne sak irin wanda na taso ina gani a garinmu idan ruwa ya rushe wa mutum ɗaki. Suka sa wa wurin suna Mount Melleray don tunawa da gidan da aka kore su. A 1835 Ryan ya zama shugabansa na farko.

A shekarar ce kuma wani matashi a gundumar Leicester ya cika burinsa. Ambrose Phillipps, wanda daga baya aka sani da de Lisle, an haife shi a 1809, ya koma Katolika tun yana ɗan makaranta. Gidan gadonsu, Garendon, an gina shi ne a kan filin wani gidan zuhudu na wannan ɗarikar da aka kafa a 1133, Henry na Takwas ya rufe a 1536. Abin ya tsaya masa a rai: arzikin gidansu ya samo asali daga ƙasar da aka ƙwace. Ya ci bashi ya sayi eka ɗari biyu da 'yan kai a Charnwood ya ba ruhubanawa. Ban san masu gadon abin da aka ƙwace da yawa da suka taɓa tunanin mayarwa ba, shi ya sa mutumin nan ya shiga raina.

Abin da suka tarar a filin, wanda ake kira Tynt Meadow, wani ɗan gida ne mai ɗaki huɗu da ya kusa zama kango. Ɗan'uwa Augustine Higgs ne ya fara tarewa, sauran 'yan kaɗan suka biyo, Fada Odilo Woolfrey yana shugabantarsu. Suka shiga fasa dutse da sharar daji. A 1837 aka buɗe musu ƙaramin gini na wucin gadi. Daga baya John Talbot, mai sarautar Shrewsbury, ya ba da kuɗi, shahararren mai zanen gini Augustus Pugin ya zana musu gida kyauta, suka tare a 1844. Duk wannan ana yi ne alhali dokar 1829, wadda ta ba 'yan Katolika 'yanci a Birtaniya, tana ɗauke da sashen da ya haramta wa maza shiga zuhudu. Ba a aiwatar da sashen ba, amma yana nan a rubuce a kansu.

Cikin sunayen nan duka, na Bernard Palmer ne na ja wa layi biyu. Ɗan Dorset ne, an haife shi a 1782, ya yi barantaka a gidajen masu kuɗi, ya koma Katolika, ya shiga Lulworth yana saurayi lokacin gidan na 'yan gudun hijira ne. Ya bi su Faransa a 1817. Yana Melleray sojoji suka zo a 1831, ya yi shekaru yana zaman jira a Nantes, sannan ya zo Charnwood. Da aka ɗaga darajar gidan a 1848, shi aka zaɓa babban shugaba, wato abbot, na farko mai wannan muƙami a Ingila tun ƙarni na sha shida. Ya haura sittin da biyar a lokacin. Kibiyoyin da na zana a shafina, rabinsu mutumin nan ya taka su da ƙafarsa.

Ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba yunwar dankali ta afka wa Ailan a 1845. Mutane suka yi ta ƙetarowa Ingila neman abin kai wa baki, da yawa suka biyo ta Charnwood. Gidan ya ciyar da dubbai a shekarun nan, ya ba dubbai wurin kwana. Ƙa'idar Benedict ta ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo, amma ina jin waɗannan ba sai an karanta musu ba, sun san yadda ake sauka daga jirgi ba a san inda za a kwana ba. Majami'ar da na tsaya ciki da dare kuwa, Pugin rabinta kawai ya samu ya gina, kuɗi suka ƙare. Sai tsakanin 1935 da 1939 aka ƙarasa ta, aka keɓe ta a 1945, shekara biyar kafin Tansi ya iso.

Da yamma na hau wani curin dutse da ke bayan gidan, inda aka kafa babban gicciye. Matakalar dutse ce mai santsi, sai da na riƙa dafa bango. Daga sama ana ganin gidan gaba ɗaya, farfajiyar ciki, gonaki, da maƙabarta mai ƙananan gicciye iri ɗaya, ba a bambanta shugaba da mai wanke-wanke ba. A nan aka fara binne Tansi kafin daga baya a tono ƙasusuwansa a kai Anacha.

Bishop Charles Heerey na Anacha ne ya nema masa wuri a gidan, da niyyar in ya koyi zaman zuhudu ya dawo ya kafa irinsa a Najeriya. Ya iso a 1950 yana da shekara wajen 47, wani fada ɗan'uwansa, Clement Ulogu, ya biyo shi. Mutumin da a ikkilisiyoyin da ya riƙe a gida, Dunukofia da Akpu da Aguleri, maganarsa ce doka, yana gina majami'u da makarantu, yana yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, ya zo ya zama na ƙarshe a layi. Aka ba shi suna Cyprian. Aikinsa ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai. Sanyi ya wahalar da shi, kuma bayan na tsaya a majami'ar nan cikin dare a Nuwamba, wannan jimlar ta daina zama mini magana kawai. Ya ɗauki alkawarin ƙarshe a watan Disamba na 1956. Da lokacin kafa sabon gidan ya yi a 1963, shawara ta sauya, aka zaɓi Kamaru maimakon Najeriya. Ya ji zafin abin, amma ya karɓa, har aka sa shi zai zama malamin sababbin shiga a can. Rashin lafiya ya hana shi tafiya. Ya rasu a babban asibitin Leicester ranar 20 ga Janairu, 1964.

Ina da dangi da rikici ya tasa daga ƙauyensu, wasu har yau suna raɓe a gidajen 'yan'uwa a cikin gari, don haka ban karanta tarihin nan da sanyin zuciya ba. Ba zan haɗa su da ruhubanawa kai tsaye ba. Ruhubani ba shi da 'ya'ya da za su yi masa kukan yunwa, kuma duk inda ya faɗa akwai coci da ta san da shi. Gwaggota da ta fito da jikoki da tabarma ɗaya ba ta da wannan gatan. Abin da na gani dai shi ne, a duk inda mutanen nan suka sauka, washegari sun tashi ƙarfe ukun dare sun rera Zabura, da hantsi sun ɗauki fartanya. Ba su ajiye rayuwa sai ranar komawa gida ba. Kuma hakan bai yiwu ba sai da wani ya ba su ƙasa, ba buhun abinci kaɗai ba. Weld ya bayar, Keane da ba ɗarikarsu ɗaya ba ya bayar, Phillipps ya ci bashi ya bayar. Mu a wurinmu an fi iya kai wa ɗan gudun hijira shinkafa da bargo a ɗauki hoto. Gonar da zai noma, ko aro ce, ita ce ke da wuyar fitowa, kuma manomi in ba gona bara aka koya masa.

Ranar da zan tafi na leƙa kantin na sayi 'yan katunan Tansi don mutanen gida. A nan na ga kwalaben giyar da gidan ke yi, mai sunan filin nan na farko, Tynt Meadow. Kiwon shanun madara ya daina riƙe su, sai suka koma wannan sana'a a 2018, kamar yadda gidajen ɗarikarsu na Beljiyam suka daɗe suna yi. Na san a cocinmu, inda fada ke yaƙi da burkutu kowace Lahadi, wannan zai ɗaga gira. Ni kaina da sun samu wata sana'ar da na fi so. Amma na rubuta shi cikin labarin, don an aike ni in faɗi abin da na gani ne. Na sa gudummawata a ambulan na bar wa mai kula da baƙi, ya raka ni bakin ƙofa, ya ce in gaida mutanen Najeriya.

Rubutun ya ɗauke ni lokaci fiye da tafiyar. Na rage sunaye, na bar shekarun da ba makawa, na sake zana taswirar kibiyoyin da kyau na ɗauki hotonta. Sannan na karanta duka a saƙon murya na WhatsApp, gutsure-gutsure, don a kunna wa waɗanda ba sa karatun boko, na haɗa da rubutun na aika kafin Kirsimeti.

Sashen ƙarshe da na ƙara shi ne inda gidajen suke a yau. Melleray ta Faransa, wadda ta haifi gidan Gethsemani a jihar Kentucky ta Amurka a 1848, ruhubanawanta sun bar ta a 2016 saboda tsufa da ƙarancin masu shiga. Mount Melleray, wadda talakawan Waterford suka gina wa katanga, ita ma mutanenta sun tashi a farkon 2025 sun haɗe da 'yan'uwansu a Roscrea, can cikin Ailan. Gidan da Mount Saint Bernard ya kafa a Mbengwi, kusa da Bamenda, shi ya yi reshe a Najeriya a shekarar 2000, a Nsugbe ta jihar Anambra. Mbengwi kuwa tana tsakiyar yankin Kamaru mai magana da Turanci, inda rikici ya ɓarke tun 2016, dubban mutane suka tsallako Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Ruhubanawan can suna nan a gidansu. Su na rubuta wa wasiƙa ta gaba, ina roƙon su ba ni labarin zuwan 1963 daga bakin dattawansu, da kuma yadda suke yi da masu gudu da ke buga musu ƙofa.